Nasiha ga Mai Shirin Sauya Allon Hawan Igiyar Ruwa

Ƙannena masu hawan igiyar ruwa, maza da mata, ko kuna Tarkwa Bay a Legas, ko Kokrobite da Busua a Gana, ko kuwa zama ya kai ku Dakar, da ku nake magana. Wanda jiya-jiya ya fara tsayuwa a kan babban allon soso, shi da sauran tafiya a gabansa. Gwanin da ake kaiwa gasa kuma ya fi ni sanin abin da ƙafarsa take so. Da na tsakiya nake: kai da ka iya fita can bayan inda ruwa ke fashewa, kana kama igiyar da ba ta riga ta karye ba, ka bi ta dama ko hagu, kana ɗan juyawa a gindinta, amma in aka ce ka haura bakinta ka karyo da ƙarfi, sai a dace yau a rasa gobe. A daidai wannan mataki ne mutum yake fara jin kunyar dogon allonsa. Ya ga ya yi masa girma, ya cika masa hammata, kowa a bakin ruwa ya san na 'yan koyo ne. Sai ya fara tara kuɗi.

Alluna iri biyu ne za su tsaya maka a gaba. Ɗaya shi ne allon gasa, siriri, mai tsinin hanci, irin wanda Italo Ferreira na Burazil ya ci zinare da shi a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021. Ɗayan kuma ruwa-biyu ne, wanda masu sayarwa ke kira haibirid: gabansa ya ɗauko faɗi da kauri daga gajeren allon nan da ake ce wa kifi, bayansa kuma ya ɗan matse irin na allon gasa. Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Mafi yawanku ruwa-biyu ya kamata ku saya, ku zauna a kansa shekara ɗaya ko biyu, ko da kuwa zuciya tana can wajen siririn. Amma ina so ku san dalili, domin wanda ya san dalili shi zai gane ranar da shawarar nan ta daina yi masa aiki.

Ku fara da lissafin lokaci. Masu binciken wasanni sun sha ɗaukar hoton masu hawan ruwa suna ƙirga abin da suke yi, kuma sakamakon ba ya nisa da juna: kusan rabin lokacin mutum a ruwa tuƙi yake yi da hannu, wani babban kaso yana zaune yana jira, tsayuwa a kan igiya kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. A gaɓa mai yashi, igiyar da ta ɗauke ka daƙiƙa goma ta yi maka alheri. Ke nan duk abin da kake son koya, juyi ne, taka gefe ne, karatun ruwa ne, a cikin 'yan daƙiƙun nan ake koyonsa. Wanda ya kama igiya ashirin da safe ya yi karatu ninki huɗu na wanda ya kama biyar, ko da wane irin allo ne a ƙarƙashinsu. Duk allon da zai rage maka yawan igiyar da kake kamawa, to makarantarka yake ragewa.

Ku tsaya a kan duwatsun Tarkwa Bay wata safiya ku kalli yaron da ya yi gaggawar sayen allon gasa. Yana kwance, ruwa ya kai masa haƙarƙari, wutsiyar allon ta nitse, ƙafafunsa suna ja a baya. Igiya ta taso, ya juya ya fara tuƙi iya ƙarfinsa. Ta ɗaga shi, ya ji kamar ta ɗauke shi, ya ƙara hannu biyu, sai ta zame ta wuce ta ƙarƙashinsa ta bar shi yana haki. Ta biyu ma haka. Da ya gaji da rasawa, sai ya matsa ciki, inda igiyar ta riga ta miƙe tsaye tana shirin faɗuwa. Nan kam za ta ɗauke shi, amma ba ta ba shi lokacin tashi: kafin ƙafarsa ta gaba ta sauka inda ya kamata, bakin igiyar ya jefa shi. In ma ya tsira ya tsaya, allon ya ƙi gudu, yana ta tsalle a kai yana buga hanci a ruwa kamar mai neman tayar da shi daga barci, kumfa ta cim masa ta rufe shi. Wannan yaron ba rago ba ne, watanni kaɗan da suka wuce yana bin igiya har bakin yashi. Allon ne ya mayar da shi baya, kuma abin baƙin ciki, kansa zai zarga.

Don ka ga inda bambancin yake, ka kwantar da allunan biyu a kan siminti, fukafukai a cire, ka durƙusa ka dube su ta gefe. Allon gasa a gantsare yake: hancinsa ya ɗaga sama sosai, wutsiyarsa ma ta ɗaga, tsakiyarsa kaɗai ke taɓa ƙasa. Ruwa-biyu kuwa ya fi kwanciya. Wannan lanƙwasa ita ce uwar komai. Allon da ya kwanta yana shimfiɗa ciki mai yawa a kan ruwa, saboda haka yana saurin zamewa da ƙaramin ƙarfi, yana shiga igiya da wuri, yana ratsa inda ruwa ya mutu. Wanda ya gantsare yana tura ruwa a gabansa lokacin tuƙi, amma idan igiya ta miƙe ta yi rami, lanƙwasarsa tana shiga lanƙwasar igiyar daidai, hanci ba ya cakewa, kuma yana juyawa a ɗan ƙaramin fili.

Sai ka tsayar da su ka duba faɗi. Allon gasa na babban mutum yakan kai ƙafa 6 ko ƙasa kaɗan a tsawo, faɗinsa wajen inci 18 da rabi zuwa 19, kuma inda ya fi faɗi yana tsakiya ko ɗan baya. Ruwa-biyu yakan kai inci 20 zuwa 21, faɗin nasa da kaurinsa sun matso gaba, daidai inda ƙirjinka yake kwanciya. Inci ɗaya da rabi a baki ba komai ba ne, a ruwa kuwa duniya ce guda. Ka damƙi gefen kowanne da hannu. Na gasa siriri ne, yana yanka ruwa ya nitse da zarar an taka shi, shi ya sa gwani yake iya kwantar da shi ya yi juyi mai kaifi. Amma ƙaramin kuskuren ƙafa ma nitsar da shi yake yi. Na ruwa-biyu ya fi cika hannu, ruwa yana tura shi sama, yana yafe maka in ka taka ba daidai ba.

Abin da ba a cika gaya wa matasa ba shi ne, allon gasa ba ya kawo gudu da kansa. Ko dai igiya mai ƙarfi ta ba shi, ko mai hawa ya ƙirƙira masa, yana ɗaga shi yana sauke shi daga gefe zuwa gefe ba tsayawa. Kamar ingarman hawan salla yake: a hannun wanda ya san linzami abin kallo ne, a hannun wanda bai gama sanin zaman sirdi ba kuwa, ko ya tsaya cak ko ya kayar da shi.

Kada ku ɗauka ku kaɗai wannan jarrabawa ta samu, domin duniyar wasan gaba ɗaya ta taɓa faɗawa cikinta. Lokacin da Bruce Brown ya zo da Mike Hynson da Robert August suka hau ruwa a Senegal da Gana da Nijeriya don fim ɗin The Endless Summer, wanda ya bazu a 1966, allunansu sun haura ƙafa 9. Daga 1967 masassaƙa irin su Bob McTavish na Ostareliya suka fara gajarta allo, a shekarar ne kuma Steve Lis ya sassaƙa kifi a San Diyego, gajere mai faɗi mai tsagaggiyar wutsiya. A 1980 Simon Anderson ya fito da tsarin fukafukai uku, ya ci gasar Bells Beach da shi a 1981, har yau kuma shi ne tsarin mafi yawan allunan gasa. Sai aka shigo farkon shekarun 1990. Kelly Slater ya ci kambunsa na duniya na farko a 1992 yana ɗan shekara 20, a kan allunan Al Merrick, sirara ƙwarai, faɗinsu bai kai inci 18 ba, a gantsare kamar ayaba. Jama'a suka ruɗe, kowa sai irin na Slater. Magidanta masu nauyi, 'yan koyo, masu fita ruwa sau ɗaya a mako, duk suka saya. Aka shafe shekaru mutane suna nitsewa a kan allunan da aka sassaƙa domin mutum ɗaya tak, wanda daga baya ya ci kambun duniya sau 11.

Gyara ya zo ne ta hanyar komawa ga faɗi. A 1997 kamfanin Lost ya fitar da wani fim da ya nuna Chris Ward da Cory Lopez suna abin mamaki a kan ɗan kifin Matt Biolos mai tsawon ƙafa 5 da inci 5, mutane suka tuna cewa gajeren allo mai faɗi ba abin kunya ba ne. Daga wannan komawa aka samu ruwa-biyun da kuke gani yau, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Hypto Krypto na Hayden Cox. Za ku ga hoton Craig Anderson a kansa cikin ƙaton rami a Kandui ta Indunusiya a 2015. Ku kalla ku ji daɗi, amma kada ku ɗauke shi hujja. Ƙafar Anderson ce ta yi wannan aiki.

Yanzu ku dubi ruwan da ke gabanku, wanda kuke shiga ranar Asabar. Gaɓar Tekun Gini kudu take kallo, kuma manyan igiyoyinta suna zuwa ne daga guguwar kudancin Atilantika, galibi daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. Lokacin hunturu iskar arewa maso gabas tana busowa daga tudu zuwa teku, ta gyara fuskar igiya ta yi sumul da safe, sai dai igiyar kan yi ƙanƙanta. A sauran shekara kuma, da rana ta ɗaga iskar teku takan taso ta yamutsa ruwan. In ka haɗa duka, yawancin kwanakinka igiyar daga ƙugu ce zuwa ƙirji, ba ta da ƙarfin a-zo-a-gani. Busua haka take, mai laushi, mai haƙuri da mai koyo. A irin wannan ruwa allon gasa wahala ce tsantsa, ruwa-biyu kuwa gidansa ke nan. Akwai wuraren da lissafin ke sauyawa: bakin Lighthouse da ke ƙetaren duwatsun Tarkwa yana dukan yashi da ƙarfi, igiyar dama ta tsibirin Ngor a Dakar kuma a kan dutse take karyewa. Ka tambayi kanka da gaskiya, a wata guda kwana nawa kake samun irin wannan ruwa, kuma in ka samu, shiga kake yi ko kallo?

Sai maganar lita, wadda yanzu ake rubutawa a cikin allo kusa da tsawo da faɗi da kauri. Lita ɗaya ta allo tana ɗaukar nauyin da ya kai kilo ɗaya a kan ruwa. Ma'aunin da masassaƙa suka saba bayarwa shi ne, gwani mai lafiya yana hawan kimanin lita 0.35 a kan kowane kilo na jikinsa, na tsakiya kuma daga 0.40 zuwa 0.50. Mai kilo 70 ke nan, in gwani ne lita 25 ta ishe shi, in na tsakiya ne yana neman 28 zuwa 35. Ni shawarata ka kama saman lissafin, musamman in aiki ko makaranta ba sa barinka shiga ruwa sai ƙarshen mako, ko kuma daga allo mai ƙafa 7 kake saukowa. Sai dai kada ka mai da lita alƙali. Alluna biyu za su iya zama lita 32 dukansu, ɗaya ya tara kaurinsa a ƙarƙashin ƙirji ya kwanta, ɗaya ya gantsare ya baza nasa a tsawo, kuma a ruwa ba za su yi kama da juna ba ko kaɗan. Haka nan za ka ji ana cewa a hau ruwa-biyu ya gaza allon gasa da inci uku ko huɗu. Wannan magana ce ta wanda ya riga ya iya allon gasa. Kai da kake saukowa daga dogo, tsawo abokinka ne wajen tuƙi. Ka tsaya a daidai tsayinka ko ka ɗara shi kaɗan.

Ba zan ɓoye muku aibun ruwa-biyu ba, domin wanda ya sayar muku da shi ba lallai ya faɗa ba. Nitsar da shi ƙarƙashin kumfa lokacin fita ya fi wuya, ranar da ruwa ya girma za ka ji a kafaɗarka. A igiya mai rami, kwanciyarsa takan sa hanci ya cake in ka makara wajen tashi. In wutsiyarsa mai faɗi ce, takan sa ya zame in gudu ya yi yawa. Babban aibunsa kuwa, wanda ya fi damuna, shi ne yana iya lalata mutum da sauƙi. Tunda yana gudu da kansa, sai ka saba tsayuwa a tsakiyarsa, nauyi a ƙafar gaba, kana juya shi a kwance da kafaɗa ba tare da ka taɓa nitsar da gefensa ba. Shekara ta wuce kana jin daɗi, alhali ba ka koyi komai ba. Maganin wannan yana hannunka. Ka sa ƙafar baya ta koma can kan fukafukai a duk juyin da za ka yi. Ka sauka har gindin igiya kafin ka juya, ka lanƙwashe gwiwa, ka danna gefen ciki har ka ji ruwa ya riƙe shi, idonka a kan inda kake son zuwa. Ka zaɓi ruwa-biyun da wutsiyarsa ta ɗan matse, ka ɗaura masa fukafukai uku, domin shi zai koya maka irin takun da allon gasa zai nema daga baya. In da hali, ka roƙi aboki ya ɗauke ka a waya daga bakin ruwa. Abin da ka ji a jikinka da abin da hoton zai nuna maka sukan yi hannun riga, kuma hoton ne mai gaskiya.

Ranar allon gasa za ta zo, kuma ba na so ku ƙi shi in ta zo. Alamarta ita ce allon ya fara riƙe ka. Kana kama kusan duk igiyar da ka nufa. Kana tashi a makare ba ka faɗi ba. Kana haura bakin igiya ka ji gefen ya ƙi nitsewa duk da ka taka daidai, ko wutsiya ta kuɓuce maka a tsakiyar juyi mai ƙarfi, kuma hakan ya maimaitu a ruwa mai kyau, wanda ya fi ka iyawa ma ya gani ya tabbatar. To sai ka sauko, amma a hankali: lita biyu ko uku a lokaci guda, rabin inci a faɗi. Ka ari allon wani ka gwada kafin ka fitar da kuɗi. Kuma kada ka sayar da ruwa-biyun, domin kwanakin ƙaramar igiya ba za su ƙare ba. Gwanayen duniya ma suna ajiye gajeren allo mai faɗi don irin waɗannan ranaku.

Akwai haƙƙi a kan wanda allonsa ya fi ɗaukar ruwa, kuma ina roƙonku ku kiyaye shi. Za ka riƙa shiga igiya tun kafin masu sirara su motsa. Wannan ba izini ba ne na kwashe komai. Ƙa'idar ruwa a ko'ina ita ce igiya ta wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa ce, kuma wanda ya gama hawa ya koma ya jira layinsa. A wuri ƙarami irin Tarkwa, inda yaran garin suke raba allo ɗaya su uku ko huɗu, ka bar wasu su wuce ko da kana iya kama su. Sannan igiyar da ke ɗaure a ƙafarka ba rigar ceto ba ce, tsinkewa take yi. Kada ka fita nisan da ba za ka iya dawowa da iyo ba, kuma ka koyi gane magudanar da ke jan ruwa zuwa teku tun kana tsaye a kan yashi.

Yawancinku na hannu za ku saya, domin sabon allo a ƙasashen da ake yin sa ɗaruruwan daloli ne, ga kuɗin ɗauko shi, kuma mafi yawan allunan gaɓarmu matafiya ne suka zo da su suka bari. Kada ka saya da daddare, kada kuma ka saya da kaki a jikinsa. A kankare shi ka ga abin da ke ƙasa. 'Yan lotsawar diddige a saman allo ba matsala ba ce. Ka bi shi da babban yatsa kana dannawa: inda ka ji ya yi laushi ko yana motsi kamar ƙurji, fatar ta rabu da soson ciki, kuma zafin rana zai ƙara buɗe wurin. Ka juya shi ka kalli cikinsa a haske ta gefe. Layin da ya ratsa shi a karkace daga gefe zuwa gefe alama ce ta ya taɓa lanƙwashewa, nan zai karye. Ka girgiza kowane fiffike ka ga ko ramin da yake zaune yana motsi ko ya tsage. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, domin allon da ya sha ruwa yakan yi nauyi, wurin kuma ya yi ɗorawa-ɗorawa.

Ka kuma tambayi irin soson da ke cikinsa kafin ranar gyara ta zo. In tsohon salo ne mai soson foliyuretan, kowane irin ruwan gyara yana kama shi. In farin soso ne mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ake yi wa fata da efoksi, to ruwan foliyesta da masu gyaran kwalekwale ke amfani da shi narkar da shi yake yi, ƙaramin rami ya zama kogo. Efoksi kaɗai ake sa masa. Irin wannan allo ya fi sauƙi a hannu kuma ya fi tasowa a kan ruwa, amma yana shan ruwa da sauri in ya fashe, saboda haka da ka ga tsaga ka fito, ka bar shi ya bushe a inuwa kwana biyu ko uku kafin a toshe. Kada ka bar kowane irin allo a cikin rufaffiyar mota ko a kwance a rana tsaka.